Na Baya Ma Yana da Jiki: Gyaran Wurin Zaman Fasinja a Kan Babur

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau hirar tamu a kan babur take, amma ba a kan injinsa ba, ba kuma a kan tsadar mai ba, ko da yake na san ita ce ke ci wa kowa tuwo a ƙwarya. Za mu yi magana ne a kan rabin babur na baya, inda fasinja yake zama, da abin da za a yi don mutum ya sauka daga mashin lafiyarsa ƙalau, ba yana dafe da ƙugu yana ɗingishi ba. 'Yan acaɓa da 'yan kabu-kabu, ku matso kusa da rediyo. Magidanta masu kai iyali unguwa ko yara makaranta, da ku ake. Bakanikai da masu ɗinkin kujera, ku ma akwai rabonku a ciki.

Wani zai ce ai an hana acaɓa, me ya rage? Gaskiya ne an hana a wasu birane. Abuja ta hana a tsakiyar gari tun 2006, Kano ta hana a cikin birni a watan Janairun 2013, A Daidaita Sahu ya maye gurbi. To amma ka bar kwalta, ka nufi ƙauye, ka ga abin da ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, da abin da ke kai dattijo kasuwar mako, da abin da ke kai malamar makaranta wurin aikinta. Babur ne. Boxer ce ta kamfanin Bajaj na Indiya, ko TVS, ko Jincheng da Haojue na ƙasar Sin. Haka abin yake a Maraɗi da Damagaram, haka yake a Garwa da Marwa. Mutanen da suke hawa bayan babur a kullum sun fi waɗanda suke tuƙa shi yawa nesa ba kusa ba, amma in aka je gyara, da wuya ka ji an tambayi bakanike yadda na baya yake ji.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Mai babur ba ya zama a baya. Shi yana zaune a tsakanin tayoyi biyu, wurin da girgiza ta fi sauƙi. Hannunsa yana riƙe da kan mashin. Idonsa yana kan hanya, tun kafin a kai ga rami ya hango shi, ya danne ƙafa, ya ɗan ɗaga jiki, bugun ya wuce ta ƙarƙashinsa. Fasinja kuwa a kan tayar baya yake zaune, wani lokaci ma ya ɗan gota ta. Ba ya ganin ramin, ƙeyar direba kawai yake gani. Sai dai ya ji gaf! a ƙashin bayansa. Ramin da direba ya ji kaɗan, na baya ya sha shi gaba ɗayansa. Shi ya sa za ka ji fasinja yana cewa, “Malam, a yi a hankali mana,” direba kuma yana mamaki a ransa, shi bai ga abin da ya yi ba. Dukansu gaskiya suke faɗi, wurin zamansu ne ya bambanta.

Bari mu fara da jikin ɗan Adam kafin mu zo ga soso. Idan mutum ya zauna, nauyin gangar jikinsa yana sauka ne a kan ƙasusuwa biyu da ke cikin mazaunai. Ka zauna a kan benci, ka sa tafin hannunka a ƙarƙashinka, za ka ji su. Tazarar da ke tsakaninsu a jikin baligi takan kama daga santimita 10 zuwa 14, kuma ta mata takan fi ta maza faɗi. Waɗannan ƙasusuwa su Allah Ya tanada don ɗaukar nauyin zama. Idan kujera tana da faɗi kuma a shimfiɗe take, sai su sami wurin sauka, cinyoyi ma su ɗauki nasu rabon. Idan kuwa siririya ce, ko ta yi tozo a tsakiya, sai nauyin ya koma kan tsoka mai laushi da jijiyoyin da ke tsakiya, da kuma ƙarshen ƙashin baya. Jini ya kasa gudana yadda ya kamata, ƙafa ta sage, mutum ya fara mutsu-mutsu yana neman gyara zama. Wannan mutsu-mutsun kuwa a kan babur ba ƙaramin abu ba ne. Fasinja ya karkata daidai lokacin da ake shan kwana ko ake ratsa yashi, sai ka ji an zube. Saboda haka duk wanda ya ɗauka maganar daɗin zama gata ce ko son jiki, ya sake tunani. Fasinjan da ya zauna daram shi ne abokin tuƙi.

Yanzu ga kuskuren da ya fi yawa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Idan fasinjoji suka dami mai babur da ƙorafi, sai ya garzaya wurin mai ɗinkin kujera ya ce, “A ƙara min soso mai laushi, a cika shi sosai.” Sai a yanko soson tsohuwar katifa, a tula, a ja leda a rufe. Kujera ta fito ɓul-ɓul, ka danna da yatsa ya nutse, kowa ya ce ma sha Allah. To, laushin da yatsa yake ji daban, abin da mazaunai za su ji bayan rabin awa a kan gargada daban. Soson katifa an yi shi ne don jikin da ya miƙe, nauyinsa ya bazu daga kai zuwa ƙafa. Idan ka tattara nauyin mutum mai kilo 70 a kan wurin da bai wuce tafin hannu biyu ba, sai soson ya lotse har ƙasa, ƙashi ya tarar da farantin kujera, wato robar nan ko ƙarfen da ke ƙarƙashi. Gefen soson kuma da bai lotse ba sai ya taso ya matse cinyoyi. Ka biya kuɗi, ka ƙara tudu, fasinja kuma yana nan yana zaune a kan ƙarfe.

Abin da ake so shi ne soso hawa biyu. A ƙasa a sa mai tauri, irin wanda ake haɗawa da gutsattsarin soso a matse da gam, za ku gan shi da launi kala-kala a jikinsa, masu kujerun mota sun san shi sarai. Shi ne mai ɗaukar nauyi, shi ne mai shanye bugu. A samansa a shimfiɗa mai laushi siriri, kaurin yatsa ɗaya ko biyu, don ya bi siffar jiki. Idan za ka zaɓi soso, kada ka gwada da yatsa. Ka ɗauka ka ji nauyinsa, domin soso mai kyau yana da nauyi, marar nauyi iska ce ta cika shi. Sannan ka ajiye shi a kan benci, ka dunƙule hannu ka danna da ƙarfinka. In ka ji katako, bar shi. In ya tare hannunka, kuma da ka ɗaga ya dawo nan take, to ka samu. Wannan gwajin za ka iya yi wa kujerar da ke kan mashinka yau da ka tashi daga sauraron wannan shiri. Ka danna wurin fasinja, ba wurinka ba. In ka taɓo faranti, soso ya mutu, ba kuma addu'ar da za ta tashe shi, canji yake so.

Maigida mai ɗinkin kujera, ga naka. Idan ka haɗa soson, ka fere samansa ya kwanta, kada ka bar shi da ƙusumbi. Ka ba wurin fasinja faɗi gwargwadon yadda faranti zai iya ɗauka, ka kashe kaifin gefe don kada ya yanki cinya. Ka lura da gangara. Kujerar da ta gangaro gaba takan zubo fasinja a kan bayan direba duk lokacin da aka taɓa birki, kuma duk mun san irin kunya da takurar da wannan yake jawo wa mace, har ta sandare jikinta tun daga hawa har sauka, ta isa gida duk gaɓoɓinta suna ciwo. Wadda ta gangara baya kuwa ta fi muni, domin da an ja totur sai mutum ya ji zai sulale. A shimfiɗe ake so, da ɗan tudu kaɗan a ƙarshen baya, da wani ɗan tudun tsakanin direba da fasinja in da hali, kowa ya san iyakarsa. Kuma kada a wuce gona da iri wajen tsawo. Ƙarin santimita 2 ko 3 a wurin fasinja yana taimakon dogon mutum, gwiwarsa ta ɗan saki. Amma in aka tula har fasinja ya koma saman direba, nauyi ya hau sama, mashin ya riƙa rangaji, wahalar riƙe shi ta ƙaru.

Sai mayafin kujera. Akwai wata al'ada tamu da nake roƙon a bari: mutum ya sayi sabon babur, sai ya ƙi cire ledar kamfani daga kan kujera, wai don a san sabo ne, ko don kada ta tsufa. Wata uku ana yawo da ita tana ƙyalli, gefenta ya yayyage yana kaɗawa a iska. Ledar nan santsi gare ta, musamman ga mai shadda ko mai leshi. Haka nan masu goge kujera da mai don ta yi sheƙi. Wanda ke baya ba shi da abin da ke riƙe shi sai ɗan kamun da ke tsakanin tufafinsa da kujera, in ka kawar da wannan ka bar shi a hannun birki. A zaɓi mayafi mai ɗan kaushi. A kauce wa ɗinki a daidai inda ake zama, domin layin zare yana gurzar fata a doguwar tafiya, kuma ta ramukan allura ruwa yake shiga. Wannan ya kawo mu ga yagewa. Kujerar da ta yage, da damina soso yake shan ruwa ya riƙe kwana da kwanaki. Sama ta bushe, ka ɗauko bawan Allah da farar rigarsa zai tafi Juma'a, ya sauka da jiƙaƙƙen baya. Ruwan nan kuma shi ke ruɓar da soso, ya sa faranti na ƙarfe tsatsa. Maganin mai sauƙi ne: a sa siririyar leda tsakanin soso da mayafi tun wajen ɗinki, kuma da an ga ƙaramar yaga a ɗinke ta kafin ta yi baki.

Zafi ma abin dubawa ne. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafin iska kansa yakan haura digiri 40, balle baƙar ledar da ta wuni a rana. Ka nemi inuwa in za ka ajiye mashin, in babu ka yafa masa buhu ko kwali. Akwai ragar nan mai kauri da ake sayarwa ana ɗaura wa kujera, tana barin iska ta ratsa ƙarƙashin mai zama, ruwan sama ma ya zurare ta cikinta. Tana da amfani, in dai an ɗaure ta tamau ba ta zamewa. Buzu ma yana yi. Masu doguwar tafiya a kan babur a Ostireliya da Amurka fatar tunkiya suke nema da kuɗinsu su shimfiɗa, saboda gashin yana raba nauyi yana kuma shan gumi. Mu da muke da majema a Kano da Sakkwato bai kamata wannan ya gagare mu ba. Sharaɗin dai ɗaya ne, a ɗaure shi da igiya ta ƙarƙashin kujera, kada a ɗora kawai.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda za a gyara wa fasinja zama a bayan babur. Mun gama da soso da mayafi, yanzu sai mu sauka ƙasa, wurin ƙafa.

Duk wanda ya taɓa hawan doki ya san sirdi komai kyansa, in babu likkafa ba a yin nisa. Matakin ƙafar fasinja shi ne likkafar babur. Ƙafafu biyu na mutum sun kai kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin jikinsa. In suna da wurin taka, wannan nauyin ya sauka a kan ƙarfe, mazaunai sun huta, kuma mutum yana iya danne ƙafa ya rage bugun rami. In babu, sai su yi ta reto, suna jan cinya a kan gefen kujera, kuma suna neman wurin sauka da kansu. A dama salansa ce, a hagu sarƙa ce, a tsakiya wayoyin taya ne. Ku dubi ƙwaurin mata da yara a garuruwanmu, ku ga yawan masu tabon ƙunar salansa. Ku tambayi ma'aikatan asibiti labarin yaran da ake kawowa taya ta cinye musu dunduniya. Amma sai ka ga babur matakinsa ɗaya ya karye tun bara, an soka dogon noti a gurbinsa, ɗayan kuma robarsa ta cire ya zama sulɓi. Wannan gyara ne da kuɗinsa bai kai na cikon tanki ba. A mayar da matakai biyu, masu roba, a ɗaure su kada su riƙa lilo. Murfin da ke kan salansa, wanda wasu ke cirewa in ya fara kwaramniya, a ɗaure shi a mayar, don kare ƙafa aka yi shi. Murfin sarƙa ma haka.

Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, wannan ɓangaren naku ne. Da yawa kukan zauna ta gefe ɗaya, ƙafafu a haɗe, saboda zani da kuma kunya, kuma babu mai ganin laifinku. Amma gaskiyar magana, zama a wangale, ƙafa ɗaya kowane gefe, ya fi tsaro, domin jiki yana daidaita a tsakiya, gwiwoyi suna kama mashin. Wadda za ta yi doguwar tafiya, in ta sa wando a ƙarƙashin dogon hijabi, ta samu sutura ta samu tsaro. Wadda kuma za ta zauna ta gefe, to akwai abubuwa uku da take da haƙƙin samu: faffaɗan mataki da zai ɗauki ƙafa biyu, wurin riƙewa mai ƙarfi, da ragar ƙarfe da ta rufe tayar baya. Ba mu muka fara wannan matsala ba. Matan Indiya da tufarsu ta sari haka suke zama, shi ya sa dokar motoci ta ƙasar, ta 1989, ta wajabta wa babur abin riƙewa na fasinja, da matakin ƙafa, da kariyar da za ta rufe aƙalla rabin tayar baya don kada tufafi su shiga. Ƙasar da ke ƙera mana Boxer ke nan. Mu kuwa a nan ko mashin ya zo da ragar, wani sai ya kwance ta wai tana ɓata ado. In babu, mai walda zai iya ƙera ta da 'yan sandunan ƙarfe cikin yini guda. Hajiya, kafin mashin ya tashi, ki tattaro gefen hijabi da mayafi da bakin zani, ki danne a ƙarƙashinki ko a kan cinya. Taya in ta kama gyale ba ta saki, wuya take ja. Malam mai babbar riga, kai ma ka naɗe. Kai kuma direba, ka waiga ka duba da idonka kafin ka sa giya, sakan biyu ne.

Abin riƙewa da na ambata, yawancin fasinjojinmu kariya suke kamawa, wato ƙarfen ɗaura kaya na baya. To a tabbata notinta a ɗaure suke, ba ta da tsaga, ba ta da kaifin walda. Masu ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya za su iya sa a ƙera musu ɗan majingini, a naɗe shi da soso. Yana hutar da baya ƙwarai, yana kuma cire wa mutum tsoron faɗuwa. Amma a yi shi da faɗi, a lanƙwasa bakinsa, kada a kafa tsinin rodi a bayan mutum.

Yanzu bari mu leƙa ƙarƙashin kujera. Komai kyan soso, ƙananan girgiza kawai yake shanyewa. Babban bugu aikin shokozoba ne. A cikinta akwai sifirin mai ɗaukar nauyi, akwai kuma mai wanda yake hana sifirin ɗin yin ta tsalle. In ka ga jikinta ya jiƙe da mai, ƙura ta manne ta yi baƙi, to man ya tsiyaye, saura sifirin kawai. Ga gwaji: sauke mashin daga jaki, ka danna bayansa da ƙarfi ka saki. In ya taso sau ɗaya ya tsaya, lafiya. In ya yi ta sama da ƙasa, ko ka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, ta gama aiki. A canja biyun tare, kada a canja ɗaya a bar ɗaya, in ba haka ba mashin zai riƙa karkata. A nan kuma araha ba ta ado, jabun shokozoba wata biyu take yi ta koma gidan jiya.

Akwai wani abu da masu babur da yawa ba su taɓa lura da shi ba. A gindin shokozoba ta yawancin waɗannan mashina akwai wani zobe mai hawa-hawa, galibi hawa biyar. Juya shi yana ƙara wa sifirin matsi ko ya rage. In kai kaɗai kake hawa, hawan ƙasa ya isa. In kullum da goyo kake, a ƙara hawa, don kada bayan mashin ya durƙushe tun kafin a tashi, ya rasa sauran wurin lotsawa in an faɗa rami. A daidaita hagu da dama a hawa ɗaya. Bakanike zai yi maka wannan cikin minti biyu. Sai dai kuma akwai masu wuce iyaka ta ɗaya gefen, waɗanda suke sa sifirin mai taurin tsiya saboda dakon buhunan masara, sannan su ɗauki yarinya 'yar makaranta a kan wannan mashin ɗin. Nauyinta bai isa ya motsa sifirin ba, duk bugun a bayanta yake ƙarewa. In mashinka na kaya ne, ka san da haka, ka rage gudu in ka ɗauki mutum.

Iskar taya ma tana cikin lissafi. Mai faci ya buga iska, ya ƙwanƙwasa taya da sifana ya ce ta yi. Direba kuma ya ce a ƙara, don ya ji an ce taya mai tauri ba ta shan mai. Tayar da aka cika fiye da kima ba ta shanye komai, tsakuwa ɗaya sai ta kai saƙo har wuya, kuma ba ta kama ƙasa sosai. A ƙananan babura irin na Bajaj, abin da kamfani yakan rubuta shi ne kusan 25 a gaba, 28 a baya in kai kaɗai ne, 32 in da fasinja, a ma'aunin da masu faci suke amfani da shi. Ka duba littafin mashinka ko 'yar takardar da aka manna a jikinsa, kuma ka ce a auna da geji, ba da kunne ba. Wayoyin taya in sun saki a ɗaure, domin ƙafar mashin da ta karkace tana girgiza ko a kan sabuwar kwalta.

Sai maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma dole a faɗe ta. Ƙara wa kujera tsawo har kan kariya don a ɗauki mutum uku ko huɗu, direba ya koma kan tanki, wannan ba gyara ba ne. Duk nauyin da ya gota tayar baya yana ɗage tayar gaba, kan mashin ya yi sakayau, birkin gaba ya rage kamu. Na ƙarshe kuma ba shi da mataki, ba shi da abin riƙewa, rabin jikinsa a iska yake. Na san halin da ake ciki, na san kuɗin mai da balas ɗin mai mashin suna jiran ɗan acaɓa kowace yamma. Amma babur mutum biyu aka ƙera wa, kuma ranar da abin ya faru, kuɗin fasinja na uku ba zai biya ko hoton ƙashi ba. Yara ma a kula. Yaron da ƙafarsa ba ta kai mataki ba bai isa zama shi kaɗai a baya ba, ga kuma barci da iska take sa su. A Indiya, dokar da aka fitar a 2022 ta ce yaro ɗan wata 9 zuwa shekara 4 sai an ɗaure shi da ɗamara a jikin direba, an sa masa hular kwano, kuma gudu kada ya wuce kilomita 40 a awa. Mu da muka iya goyo tun kaka da kakanni, ɗaure yaro da majanyi mai ƙarfi a jikin babba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Hular kwano kuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta ta a Najeriya tun 1 ga Janairun 2009, kuma dokar ta haɗa da fasinja, domin kan na baya bai fi na gaba tauri ba.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko kwabo, shi ne hannun direba. Mashin ɗaya, hanya ɗaya, wani ya ɗauke ka ka ji kamar kada a iso, wani ya ɗauke ka ka yi ta salati. Ka saki kuloci a hankali. Ka fara taka birki tun da nisa. In ka hango rami ko tudun rage gudu, ka rage kafin ka kai, ka saki birki daidai lokacin hawa don shokozoba ta samu damar aiki, kuma ka buɗe baki ka ce, “A riƙe da kyau, ga rami.” In tafiyar ta haura awa guda, ka tsaya a inuwa, a sauka a miƙe ƙafa na minti biyar. In mai juna biyu ka ɗauko, ko wanda aka yi wa aiki, ko dattijo, ka ɗauka cewa lokacinka nasu ne har ku isa. Kai ma fasinja da naka: ka hau ta hagu, nesa da salansa, bayan direba ya ce ya shirya, ka bar ƙafarka a kan mataki ko an tsaya, in an sha kwana ka bi jikin direba, kada ka ja ta ɗaya gefen, in kana son gyara zama ka faɗa masa tukuna. Kuma kana da ikon duba mashin kafin ka hau. In ka ga babu mataki, ko kujera a yage, ka ce a'a, ka jira na gaba. Ranar da fasinjoji suka fara zaɓe, ranar za a fara gyara.

Shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa a tashoshi, ku da kuke yanka rasit kowace safiya, ku haɗa da duba mataki da murfin sarƙa da kujera kafin ku ba mutum layi. Kai kuma mai babur, roƙona gare ka a wannan mako guda ɗaya ne: ka ba wani amintaccenka tuƙi, ka koma baya, ku bi hanyar da ka saba bi da iyalinka ko fasinjojinka, da irin gudun da ka saba yi. Abin da jikinka ya gaya maka, ka kai shi wurin bakanike da mai ɗinkin kujera kafin ka sake ɗaukar kowa.

A nan za mu dakata. Allah Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, Ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)